Ba Mu Da Baƙo A Tungar Rimi

Tungar Rimi, ƙasar Bagudo,
Watan Disamba.

Zuwa ga ƙanena Saifuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka Surayya da yara. Yaya sanyin Turai, yaya ɗalibanka, yaya kuma gyaran duniya? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigidana Malam Lauwali yana gaishe ka da kyau.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. Na lura in na aiko maka saƙon murya, kafin in ajiye waya ka amsa, wato ko dai ba ka saurara ba ko kuwa ka sa muryata gudu. Shi ya sa na koma ga biro, abokin aikina tun ina koyarwa a firamare, in rubuta in ɗauki hoto in turo. Karatu dai ka ce shi ne sana'arka.

Ba labari mai daɗi na kawo ba. Namadi ya rasu. 'Yan bindiga sun shiga Tungar Gawo, can ƙetaren iyaka a ƙasar Benin, da hantsi ana tsakiyar sussuka. Suka harbe maza da dama, suka kora shanu, suka cinna wa rumbuna wuta. Namadi yana cikin waɗanda aka harbe a masussuka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na san ka san ko wane ne Namadi, amma bari in tuna maka, don na ji an ce sanyi na kawo mantuwa. Ba a yi arba'in da haihuwarka ba mahaifiyarmu ta bar duniya. Ni na goya ka, ina yarinya, Baba yana gaba da sanda, muka ratsa gonaki har Tungar Gawo, wurin da tsofaffi har yau suke kira Faransa. Can ƙawar mahaifiyarmu, Inna Barira, take shayar da jaririnta Namadi. Ta karɓe ka daga bayana, ta raba muku nononta har aka yaye ku tare. Duk wannan ƙwaƙwalwar da Turawa suke biyan kuɗi su saurara, da nonon Inna Barira aka ɗora harsashinta.

To yau Inna Barira tana ɗakina. Ta zo da ƙafa, da zanen jikinta kaɗai, ita da Safi matar Namadi da 'ya'yansa. Ba su kaɗai ba ne, Tungar Gawo ce gaba ɗaya ta tuɗo mana. Mai gari Ɗanmusa ya tsaya gindin rimi, ko magana bai gama ba mutane suka riƙa kama hannun na kusa da su suna shigewa gida. Wannan ya ja surukinsa, wancan ya ja abokin kasuwarsa, wanda bai san kowa ba ya ja wanda ya rage. Kafin la'asar babu ko mutum ɗaya a waje. Babu wanda ya zauna taro kafin a yi haka, babu wanda ya sa hannu a wata yarjejeniya.

Ga matsalar. Mun girbe gwargwadon bakunanmu, yanzu bakuna sun ninka. Malam Lauwali ya leƙa babban rumbu ya ce ko da kunu za a riƙa sha ba zai kai mu faɗuwar ruwa ba, kuma haka abin yake a kowane gida. In babban rumbu ya ƙare, sai ƙaramin, kuma ka san abin da ke cikinsa: irin geron Baba, wanda yake zaɓen zangarniya ɗaya bayan ɗaya tun a gona. Shi ne geron da ya san ƙasarmu, wanda ba a samun irinsa a kasuwar Bagudo. In muka ci shi, ba mu da abin da za mu zuba a rami bana.

Na karanta littafin nan naka da ka aiko mini, da ɗan Turancina na malaman firamare, har da ƙamus a gefe. Ka ce iyakokin ƙasashe layuka ne da wasu suka ja da fensir a kan tebur, kuma haƙƙin ɗan Adam ba ya tsayawa a bakinsu. Ka ce wanda ya ƙoshi a ko'ina yake a duniya, akwai haƙƙin mai yunwa a wuyansa. Na ji daɗin maganar, har na ja mata layi da jan biro. Tun da kai ne mai ba wata babbar hukumar agaji shawara a kan abin da ya dace da wanda bai dace ba, ka gaya musu su zo Tungar Rimi. Ga littafinka nan ya sauko daga kanta yana tafiya da ƙafa.

Inna tana gaishe ka. Ba ta yi kuka a gabana ba, sai dai ta tambaya ko har yanzu kana ƙin shan fura mai tsami. Ka gaishe da Surayya, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Bashira.

Tungar Rimi,
Watan Fabrairu.

Ƙanena Saifuddeen,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke nan. Na gode, mutanenka sun zo, kuma sun tafi. Bari in ba ka labarin yadda aka yi, don in ba a wurina ka ji ba, a rahotonsu wani gari daban za ka gani.

Tun da aka ce baƙi za su zo daga nesa, gari ya tashi tsaye. Aka share ko'ina har bayan masallaci. Mai gari ya ce ba za a kunyata Tungar Rimi a zamaninsa ba. Malam Lauwali ya kama ragon da muke kiwo don Layya ya kai aka yanka. Mata suka kakkaɓe 'yar shinkafar da kowa ta ɓoye don ranar haihuwa ko rashin lafiya, aka haɗa tukunya guda. Sannan muka buɗe akwatuna muka fito da tufafin Sallah muka sa wa mutanen Tungar Gawo, don kada baƙo ya duba ya gane mai gida da wanda ya zo da rigar jikinsa. Ni da kaina na ɗaura wa Inna Barira leshina mai ruwan ƙwai. Ka ga tsohuwa ta fito kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Sai ga fararen motoci biyu. Wata Baturiya mai kirki a fuska, da wani matashi mai riƙe da allon waya yana latse-latse, da tafinta. Aka shimfiɗa musu tabarmi gindin rimi, aka jera kwanoni. Suka ci, Saifuddeen. Suka ci ƙwarai. Matashin nan har hoton naman ya ɗauka kafin ya sa hannu. Yaranmu suna bayan danga suna haɗiyar yawu, iyaye mata suna korar su don kada su zubar mana da mutunci.

Da aka wanke hannu aka fara tambayoyi. Suka tambayi mai gari ko akwai 'yan gudun hijira a garin. Ka san Ɗanmusa da gyara rawani. Ya dube su ya ce, "Mu nan ba mu da baƙo, duk 'yan gida na. Wanga ƙanena na, waccan ɗiyata ta." Yana nuna mutanen da wasunsu bai taɓa gani ba sai ranar da suka iso da jini a ƙafa. Aka tambayi maza ko abinci yana isa, suka ce alhamdu lillahi. Aka tambayi Safi sau nawa take ci a rana, ta sunkuyar da kai ta ce sun gode Allah. To me za ta ce? Ga matar gidan da ke ciyar da ita a tsaye kusa da ita, ga kuma baƙi da maiƙo bai bushe a leɓensu ba. Wace 'yar halak ce za ta ce ba a ƙosar da ita?

Da na ga abin yana neman lalacewa, na ja tafinta gefe na gaya masa gaskiya, cewa ragon nan shi ne na ƙarshe, leshin nan aro ne. Ya yi murmushi ya ce ya gane, shi ma ɗan ƙauye ne, amma allon ba shi da gurbin da za a rubuta irin wannan, kuma maganar mutum ɗaya ba ta rushe ta jama'a. Na ce su leƙa rumbu mana. Ya ce lokaci ya ƙure, dokarsu ta hana su kai la'asar a kusa da iyaka. Aka cika musu bayan mota da sauran nama da ƙwaryar fura, suka ɗaga mana hannu.

Jiya sakamako ya iso ta hannun mai gari. Wai al'ummar Tungar Rimi ta karɓi waɗanda suka ƙetaro da kanta, babu alamar buƙatar gaggawa. Har da yabo: wai mu abin koyi ne ga duniya. Mai gari ya sa an karanta masa wurin yabon sau biyu. Shi ma ban ƙyale shi ba, na aika masa cewa ya dafa yabon ya raba wa gari.

Amma shi Ɗanmusa jahilcinsa na mutunci ne. An koya masa baƙonka annabinka, ya kuma yi abin da aka koya masa. Mutanenka fa? Sun yi karatu har sun gaji, sun zagaya ƙasashe, amma ba su san cewa talaka ba ya yanka rago don ya ƙoshi ba. Sun zo auna yunwa, sun ci abincin mai yunwar, sun goge baki kamar kaza, sun rubuta cewa babu yunwa.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Kai ka san ma'anar ragon nan, a nan aka haife ka. Ka rubuta musu layi biyu ka ce an yi kuskure, ka bayyana musu cewa a ƙasarmu alhamdu lillahi ba ta nufin an ƙoshi. Za su ji maganarka, tun da kai kake gaya musu abin da ake kira adalci. Babban rumbu ya wuce rabi, kuma damina da saura.

Inna ta ce in gaya maka naman ragon ya yi daɗi, ko da yake ƙashi ɗaya ta samu ta ba autan Namadi. A gaida mutanen gida.

Yayarka,
Bashira.

Tungar Rimi,
Watan Afrilu.

Zuwa ga Shehin Malami Saifuddeen,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kana lafiya, da iyali, da kuma lamirinka, wanda na ga kana kula da shi fiye da kowa. Ɗan kuɗin Sallar da ka turo ya iso, Allah ya saka da alheri. Kada ka tambaye ni yadda ya ƙare da wuri. Ba a tuƙa tuwo a rufe ƙofa alhali maƙwabci yana da marayu a ɗaki.

Amsarka ma ta iso, doguwa, da sakin layi-layi kamar jarabawa. Na karanta wa Malam Lauwali ita a tsakar gida bayan azahar, Inna tana ɗaki tana barci. Da na gama ya tambaye ni ko ka ce i ne ko a'a. Na ce masa mai ilimi ba ya cewa a'a, sai dai ya yi ta magana har ka gaji ka tafi.

Ka ce ba za ka iya sa baki a rahoton ba, domin garinku ne, kuma mai ba da shawara da ya karkata ga danginsa ya ci amana. Ka ce adalci ba ya gane fuskar uwa. Ka ce tsohuwa a Tungar Rimi ba ta fi tsohuwa a wata ƙasa daraja ba, kuma in kowa ya ja bargo wajen garinsu, marar ɗa a Turai ne zai kwana a sanyi. Maganar tana da kyau, ban ƙi ta ba. Amma ni ban ce ka ɗauko na wata ka ba Inna ba. Cewa na yi an rubuta ƙarya, kai kuma ka san ƙarya ce. Ashe a makarantarku, in shaida ya san mai ƙara sai ya haɗiye gaskiya, shi ke nan ya zama adali? Kowa a hukumar nan yana da izinin yin magana a kanmu, sai mutum ɗaya da ya san mu.

Ka kuma ce abin da kake warewa na taimako ka riga ka yi alkawarinsa ga wasu ƙasashe, inda lissafi ya nuna zai ceci rayuka fiye da nan. Allah ya karɓa. Na dai lura da wani abu a son da kake wa 'yan Adam: yana ƙaruwa ne da nisa. Wanda ba ka taɓa gani ba, wanda ba zai taɓa kiranka a waya ana tsakiyar taro ba, shi ne masoyinka. Mu da muka san ka tun kana fitsarin kwance, mun yi kusa da yawa.

Sai bayaninka a kan tsarin duniya, cewa ƙasashe sun yi yarjejeniya, kuma ba a kiran mutum ɗan gudun hijira sai an tantance shi an ba shi kati. In babu tsari, in ji ka, sai rikici. To ina da tambaya, malam. Bindigogin da suka kashe Namadi ba a Tungar Gawo aka ƙera su ba, maƙerinsu lauje da fartanya ya iya. Daga ƙasashen masu yarjejeniyar nan suka fito, suka ratsa teku da hamada da iyakoki ban san adadinsu ba, babu wanda ya nemi katinsu. Buhun masara ne kaɗai ba ya iya ƙetare hanya sai an tantance mai cinsa. Wannan tsari naku, wa ya tsara shi, kuma wa yake tsaro?

Na bar shawararka a ƙarshe don ita ta fi ƙona mini rai. Ka ce akwai mafita mai sauƙi: masu agaji sun kafa rumfunan tampol a wani fili a bakin hanya kusa da Kende, kuma duk wanda aka samu a can za a ƙirga shi. Don haka mutanen Tungar Gawo su fita daga gidajenmu su koma can, su sa tufafin da suka zo da su, in an tambaye su su faɗi gaskiya ƙarara. Wato in kama hannun matar da ta shayar da kai, in fitar da ita daga ɗakina a wannan zafin bazarar, in kai ta ƙarƙashin leda a fili, don Baturiya ta gan ta da kyau. Tsarinku ba ya ganin mai yunwa sai danginsa sun yar da shi. Garin da ya yi abin kirki a hukunta shi, wanda ya kori 'yan'uwansa a kai masa buhu. Kuma kai ka zauna ka rubuto mini wannan da hannunka, har kana cewa kunya al'ada ce, rai kuwa haƙƙi ne.

Ba zan yi ba. Malam Lauwali ma ya ce ko zai mutu ba za a ce daga gidansa aka fara ba. Ya ce in babban rumbu ya ƙare zai buɗe ƙaramin, mu ci irin, baɗi kuma Allah yana nan. Ina ganinsa kullum da safe yana zagaya ƙaramin rumbun yana dafa shi. Ni ma ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Na san gidan da ya ci irinsa, na san yadda maza suke watsewa ci-rani ba su dawowa.

Inna kuwa tun da aka sha ruwa ta kama Sitta Shawwal, kuma shidan nata sun ƙi ƙarewa. Kullum na kai mata kunu da safe sai ta ce tana azumi, a ba yara. Ta rame har awarwaronta yana zamewa.

Ka gaishe da Surayya. Ita dai ta kira ta yi wa Inna gaisuwar Namadi da bakinta, Allah ya yi mata albarka.

Yayarka,
Bashira.

Tungar Rimi,
Watan Yuli.

Saifuddeen,

Wa alaikumus salam. Ka tambayi lafiyarmu. Da can zan ce maka lafiya lau, amma na koyi darasinku, yanzu ina faɗin gaskiya ƙarara. Ba mu lafiya.

Na ga saƙonka na murna. Ka ce labari ya iso ofishinku cewa an tantance mutanen Tungar Gawo, motocin abinci sun sauka, har ka ƙara da cewa, kin gani Yaya, tsarin yana aiki in an bi shi. Na daɗe ban amsa ba don ina tsoron abin da hannuna zai rubuta. Na hana kowa ya gaya maka a waya, na ce ni zan gaya maka. Yanzu ga yadda tsarin ya yi aiki.

Ashe ranar da na karanta wa Malam Lauwali wasiƙarka, Inna ba barci take yi ba. Ta ji komai, ta riƙe a ranta. Ranar da babban rumbu ya ƙare, Malam ya jingina tsani a jikin ƙaramin. Sai ga ta ta fito tana dafa bango. Tun zuwanta ba ta taɓa sa baki a sha'anin gidan nan ba, amma ran nan ta ce masa, "Lauwali, sauko. Wanda yac ci iri ya ci jikokinai. Ba za a ci shi don ni ba." Ya sauko don girmanta, ya ce sai gobe.

Washegari na tafi barkar haihuwa a Matsinkai, Malam yana gona yana sharar daji. Na dawo da la'asar na tarar da ɗaki a share, tabarma a naɗe. Leshina mai ruwan ƙwai yana kan gado a ninke. Ta ɗaura yagaggen zanen da ta gudo da shi, ta sa Safi da yara a gaba, suka kama hanyar Kende da rana tsaka. Da sauran mutanen Tungar Gawo suka ga babbarsu ta fita, sai suka bi ta gida-gida, masu masaukinsu suna riƙe su suna roƙo. Ta ɗauke wa kowa kunyar, don babu wanda ya kore ta, kuma babu wanda zai iya tsayar da ita.

Na hau babur na bi ta. Na durƙusa a gabanta cikin rumfar nan, wadda in ka shiga kamar ka sa kai a tanda, na roƙe ta da Allah da Annabi ta dawo. Ta ce ɗanta mai ilimi ya ce nan ne za a gan su, kuma ita ba ta taɓa jin ya yi ƙarya ba. Ka ji, har a lokacin tana alfahari da kai. Na kai mata tabarma da tulu, na riƙa zuwa kullum.

Ina wurin ranar da masu allo suka dawo. Wannan karon babu rago, babu leshi, sun kuwa sami abin da suke so. Na ji da kunnena, Inna Barira, matar da ba ta taɓa cin abinci a gaban suruki ba, ta buɗe baki ta gaya wa yaro sa'an jikanta cewa tana jin yunwa. Ya ce ta ƙara ɗaga murya don na'urar ta ɗauka. Ta ƙara. Suka ɗauki hotonta, suka ba ta kati. Da suka wuce ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ba ta sake buɗewa a gaban mutane ba.

Motocin sun yi jinkiri, wai ana jiran sa hannu daga wani ofishi zuwa wani. Zafin bai jira ba. Jikin da ya sha azumin ƙarya bai iya ɗaukar zafin leda ba. Zazzaɓi ya kama ta, muka kai ta asibiti a Bagudo, aka ce an makara. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, kanta a cinyata. Mun kawo ta Tungar Rimi mun rufe ta kusa da mahaifiyarmu, kuma ƙasar ta karɓe ta ba ta nemi kati ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan haka buhunan suka iso. Safi ta kawo mini wanda ya fito da sunan Inna, da shi muka yi mata sadaka. Yaran Namadi suna ci suna ƙoshi yanzu, sun kuma dawo ɗakina, tun da an riga an ƙirga su. Don haka lissafinka ya fita daidai, malam. Tsohuwa ɗaya ta tafi, gari biyu sun rayu. In ka sa a sikelinka na san riba za ka gani, kana iya ma ka koyar da shi a aji.

Abu ɗaya kawai nake so ka ƙara a littafinka na gaba. Adalcin nan da ba ya bambanta ɗan wani da ɗan ciki, wanda kake yawo da shi ƙasa-ƙasa, na taɓa ganin wadda ta yi shi da gaske. Ina tsaye aka miƙa mata jaririn wata ƙasa, tana da nata a hannu, ta raba musu daidai. Ita da ta ce duk ɗaya ne, sai ta jawo na nesa ta rungume. Kai da ka ce duk ɗaya ne, sai ka ture na kusa.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu. Malam Lauwali ya buɗe ƙaramin rumbu a lokacinsa, ba a taɓa ko zangarniya ɗaya ba. Mun yi shuka, ni da Safi muna bin sa muna rufe rami, kuma geron Baba ya fito kore shar har ya kai gwiwa. Kada ka turo komai don ta'aziyya, an riga an yi. In Allah ya kai mu kaka, zan sussuka da hannuna in auna maka mudu ɗaya in ba mai zuwa ya kawo maka. Ka sa Surayya ta dama maka fura, marar tsami, yadda Inna ta ce kana so. Ka sha in za ka iya.

Wassalam.

Bashira,
'yar Inna Barira.